Lissafi ya fita daidai, malami ya zaftare maki saboda harafi guda

Maman Rahina:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Malaman da ke cikin zauren nan ku taimaka min da bayani, don tun jiya raina a ɓace yake. Rahina ta dawo da takardar gwajin kemistiri, tana shekara ta biyu a babbar sakandare. An tambaye su giram nawa na kostik soda za a auna in ana so a haɗa ruwa 250 cm³ mai ƙarfin 0.40 mol/dm³. Ta bi lissafin tun daga sama har ƙasa, ta sami 4. Ƙawarta ta rubuta 4.0 g. Ita ƙawar an ba ta cikakken maki, tawa kuwa an zagaye amsar da jan biro an cire mata. Huɗu ai huɗu ce. Yarinyar nan da fitilar waya take karatu in an ɗauke wuta, ni shaida ce. Saboda harafi guda a karya mata gwiwa? Ina da niyyar zuwa makarantar ranar Litinin, amma na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Awudu Direba:
Wa alaikumus salam Yaya. Ki je, ki je da ƙafarki. Wasu malaman in ba su ga ido ba ba sa jin kunya. Tambayar da kanta ta ce "giram nawa". To in na ce huɗu, huɗun me zai zama, tumaki?

Malam Iddi:
Wa alaikumus salam. Maman Rahina, Allah ya huci zuciyarki. Ba ni ne malaminta ba, amma ni ma kemistiri nake koyarwa, kuma in gaya miki gaskiya da takardar a hannuna ta faɗo ni ma sai na cire. Ba duka ba, amma sai na cire. Kafin in yi dogon bayani, ki duba min sauran takardar. Akwai wata tambaya da ta faɗi gaba ɗaya?

Maman Rahina:
Akwai, ta ƙasa. An ce mol nawa ne a cikin 25.0 cm³ na ruwan soda mai ƙarfin 0.100 mol/dm³. Ta rubuta 2.5, malamin ya rubuta 0.00250 mol a gefe. Wannan ban yi gardama a kanta ba, na ga lambobin sun sha bamban.

Malam Iddi:
To ai nan maganar take. Ciwo ɗaya ne ya fito a wuri biyu. A ta farko bai yi mata illa ba, a ta biyu ya kayar da ita.

Ku duba yadda ta yi: 0.100 sau 25.0, ya ba ta 2.5. Ninkawar ba ta da laifi. Amma 0.100 ɗin yana cewa ne "a cikin kowace dm³ ɗaya", shi kuwa 25.0 ɗin cm³ ne. Ba ma'auni ɗaya ba ne. Ki ɗauki akwati mai tsawo santimita 10, faɗi 10, zurfi 10. Abin da zai ci shi ne dm³ ɗaya, shi ne kuma lita ɗaya. Goma sau goma sau goma, ƙananan akwatuna dubu masu santimita ɗaya-ɗaya za su shige cikinsa. Saboda haka 25.0 cm³ ba komai ba ne illa 0.0250 dm³. A ninka da 0.100, a sami 0.00250 mol.

Da ta saba jan sunan ma'auni tare da lambarsa a kowane layi, da ta rubuta mol/dm³ sau cm³, idonta zai gaya mata cewa na sama da na ƙasa ba su kashe juna ba, akwai sauran aiki. Ni abin da nake gaya wa yarana ke nan: ma'aunin shi ne ɗan rakiyar da zai taɓa ka a kafaɗa in ka saki hanya. Wanda ya bar shi a gida sai ya kai ƙarshen kuskure kafin ya sani.

Mariama mai sabulu:
Malam, tsaya in tambaya, don sodar nan ita ce sana'ata. Wannan 2.5 da ta rubuta, in a sikeli ne nawa ke nan?

Malam Iddi:
Mol ɗaya na kostik soda giram 40 ne. Biyu da rabi ke nan giram 100. Ruwan kuma 25 cm³ ne, wato cokalin shayi biyar.

Mariama mai sabulu:
Innalillahi. Giram ɗari a cokali biyar na ruwa? Ai ruwan ma ba zai gama jiƙa ta ba, balle ta narke. Ko makaho ya taɓa robar zai san ba daidai ba. Maman Rahina, ki turo min ita wata Asabar ta ga yadda nake jiƙa soda. Ina da ma'aunin gilashi da nake tsomawa a ruwan bayan ya kwana ya huce, in ga inda ya tsaya. In ruwan ya yi ƙarfi da yawa sabulu ya ci hannun mutane, in ya yi sanyi sabulu ya ƙi ɗaurewa, mai ya tafi a banza. Na taɓa asarar jarka guda ta man ƙwara saboda yarinyar da ke taya ni ta auna soda da wani kofi daban, ba wanda na saba ba. Kofi dai kofi ne a wurinta.

Malam Iddi:
Wannan ma'aunin naki, lambar da ke jikinsa nauyin ruwan take faɗa. In ya tsaya a 1250, lita ɗaya ta ruwan sodar tana da nauyin giram 1250, alhali lita ɗaya ta ruwa zalla kusan giram 1000 ce. Kemistiri kike yi kullum. Kuma don yaran da ke karantawa: soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwarara ruwa a kan soda, don zafi take fitarwa, tana iya fantsama a ido.

Awudu Direba:
Na ji ta biyun, ta faɗi. Amma har yanzu ba a amsa min ta farko ba. Lambar daidai ce. Kowa ya san giram ake nufi.

Anti Zenabu:
Awudu, bari in ba ka labarin "kowa ya san abin da ake nufi", don a gidanmu ya faru. Ƙanena da ke Amurka ya aiko wa Baba na'urar gwada sukarin jini. Wata asuba ina shirin tafiya aiki sai ga kiran Inna tana kuka, wai in zo maza, sukarin Baba ya kai 108. Ita abin da ta sani a katin asibiti ana rubuta masa 6, wani lokaci 7, kuma an ja mata kunne cewa in ya haura sosai a kawo shi. Na iso na tarar har an kira mai keke, an sa wa Baba hula, shi kuwa yana zaune a bakin gado yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Na karɓi na'urar na duba ƙasan lambar, ga wasu ƙananan haruffa: mg/dL, wato miligiram a kowace desilita. Mu a asibitocin Ghana mmol/L, wato milimol a kowace lita, muke amfani da shi. In kana so ka juya, sai ka raba da 18. 108 a raba da 18, shida cif. Sukarinsa bai motsa ko'ina ba.

Wannan ya ƙare da hamdala. Amma juya shi ka gani. A ce na'urar ta nuna 54, wanda ya saba da lambobinmu zai ɗauka sukari ya yi mugun hawa, alhali 3.0 ke nan, ya faɗi ƙasa, mutum na bukatar abu mai zaƙi a take. In aka ƙara masa maganin saukar da sukari a wannan halin, ana iya rasa shi. Ni a wurin aiki in ɗaliba ta rubuta min lamba tsirara a takardar majiyyaci, mayar mata nake yi ta sake, ko da na san abin da take nufi. Wanda zai karɓi aiki da dare bai san abin da ke ranta ba.

Fuseini:
Anti, kin san daga ina 18 ɗin nan ta fito? Mun yi shi a shekarar farko a jami'ar KNUST. Mol ɗaya na gulukos giram 180 ne: kabon shida 72, haidirojin goma sha biyu 12, oksijin shida 96. Desilita goma ke cikin lita, sai a ninka da 10 a raba da 180, daidai da a raba da 18. Wato irin lissafin da aka ba Rahina ne sak, sai dai a nan jinin mutum ne a maimakon ruwan soda.

Anti Zenabu:
Shekara da shekaru ina raba da 18 ban taɓa tambayar asalinta ba. Allah ya yi maka albarka ƙanena.

Maman Rahina:
Ni fa kun bar ni a baya. Shi wannan mol da kuke ta ambata, mene ne shi? Nauyi ne ko awo?

Baba Alhassan:
Bari tsoho ya gwada, Malam ya gyara min in na kauce. Mahaifina fataucin goro ya kawo shi Kumasi. Goro ba a sa shi a sikeli a wancan lokacin, ƙirga shi ake yi. In an ce ƙwarya ɗaya, goro ɗari ake nufi, ko manya ne ko ƙanana. Ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi, amma duk ɗari ne. Yadda jikana ya yi min bayani, na fahimci mol ƙwarya ce ta masu kimiyya.

Malam Iddi:
Baba, babu abin gyarawa, sai dai in roƙi izini in kai wannan misalin aji. Mol ƙidaya ce. Bambancin kawai, ƙwayoyin da muke ƙirgawa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, don haka ƙwaryar tamu ba ɗari ba ce, 6.022 × 10²³ ce, wato shida da sifiri ashirin da uku a bayanta in an taƙaita. Tunda ba mai iya zama ya ƙirga wannan, sai mu auna nauyi mu san ƙidaya. Mol ɗaya na ruwa giram 18, cokalin miya ɗaya da ɗan ƙari. Mol ɗaya na gishirin miya giram 58.5. Na soda 40. Nauyi daban-daban, ƙidaya ɗaya. Ledar ruwan da muke saya a titi mililita 500 ce, kusan giram 500, in kin raba da 18 kusan mol 28 kike shanyewa a tsaye.

To kin ga a tambayar Rahina ta farko akwai lambobi uku a hanya: 0.250 dm³, sai 0.10 mol, sai 4.0 g. Kowace da abin da take aunawa. In an cire sunayen, sun zama lambobi uku da ba a san wace ce wace ba.

Hajiya Abiba:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa tsakanin ciniki. Malam Iddi, ina girmama ka, amma ku 'yan boko kuna magana kamar duniya ba ta iya awo ba sai da kuka zo. Shekara talatin ina sayar da hatsi a kasuwar Asawase da olonka, gwangwanin awon nan namu. Ban san dm ba, ban san cm ba, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da masara ya ce na cuce shi. In na cika sai na yi tozo, in ƙara gyara a kai. Sikelin naku fa? Je ka tambayi manoman koko abin da suke faɗa a kan sikeli. Ana murɗa shi ta ƙasa, ka kawo buhu cikakke a ce bai kai ba. Olonka kuwa a gaban idonka nake cika ta.

Fuseini:
Hajiya, ke mun san ki. Amma ba kowa ne ke ba. Akwai masu bubbuga gindin gwangwanin ya shige ciki, akwai masu yanke bakinsa. Olonkar wannan layi ba ita ce ta wancan layi ba. Kilo kuwa ko a Tamale ko a Makka kilo ne.

Hajiya Abiba:
Kilo ne in sikelin na da gaskiya. Kuma bari in ƙara maka wani abu da ba a koya maka a jami'a ba. Sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba ta fi nauyi. In na saya da kilo, ruwa na saya da kuɗin masara, bayan sati uku buhun ya rage nauyi a ɗakina ba ɓera ba ɓarawo. Ni da hannu nake sani, in cusa shi cikin buhu in ji sanyinta, in ciza ƙwaya ɗaya.

Malam Iddi:
Fuseini, a nan Hajiya ta fi mu gaskiya, kuma abin da ta faɗa yana cikin manhajar da muke koyarwa, sai dai ba da wannan daɗin ba. Abu biyu ne. Na farko, sikelin da aka murɗa zai ba ka amsa iri ɗaya sau goma in ka auna sau goma. Amsoshin sun yarda da juna, amma duka ƙarya ne. Yarda da juna daban, dacewa da gaskiya daban. Yara da yawa in sun yi taitireshan, wato gwajin ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani don gano ƙarfinsa, sau uku suka ga lambobin sun zo kusa da juna sai su ɗauka an gama, alhali in akwai kumfar iska a bakin biyuret, bututun gilashin da ake ɗigawa da shi, ko an ɗauraye fifet, bututun ɗiba, da ruwa ba a ɗauraye da abin da za a ɗiba ba, kuskuren na iya bin su duka ukun. Maganin wannan shi ne a gwada ma'aunin kansa da wani abu da aka tabbatar. Aikin da Ghana Standards Authority ke yi ke nan in sun zagaya gidajen mai suna gwada famfo suna manna takarda a jiki.

Na biyu, maganar ɗanyar masara. Sikeli ba ya gaya maka nauyin me ya auna, nauyi kawai yake faɗa. Ita kanta kostik soda in ka bar ta a buɗe tana jan laima daga iska, kana kallo tana jiƙewa a kan sikeli, nauyin na ƙaruwa. Shi ya sa ba a dogara da ita kai tsaye in ana son ruwa mai tabbataccen ƙarfi, sai an sake gwada shi.

Inda zan tsaya tare da Fuseini shi ne nan: Hajiya, amanar olonkarki a jikinki take. In kin aika wa wani a Accra saƙo kin ce olonka hamsin, sai ya san ki kafin ya san abin da zai samu. Ma'aunin kimiyya an yi shi ne don mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Ustaz Bashiru:
Assalamu alaikum. Kun taɓo inda nake shan tambaya duk ƙarshen azumi. Zakkar fidda-kai sa'i ɗaya ce, sa'i kuwa mudu huɗu ne, mudu kuma cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici. Awo ne na cika, ba na nauyi ba. Yanzu mutane da buhun shinkafa mai kilo a rubuce suke zuwa, suna cewa Malam kilo nawa zan fitar? Malaman da suka juya shi zuwa kilo sun sami tsakanin kusan biyu da rabi zuwa uku, kuma dole a sami saɓani, don sa'in shinkafa da na gero da na dabino ba nauyinsu ɗaya ba. Ni nakan ce wa mutum ya cika ya ɗan ƙara, ya fita daga shakka. Suratul Muɗaffifina da ta yi kashedi a kan tauye ma'auni ta ambaci duka biyun, awo da kuma sikeli. Don haka Hajiya da Fuseini, ba wanda aka bari a baya a cikinku.

Awudu Direba:
Ustaz ya yi magana, na yi shiru a kan wannan. Mu ma a tasha muna da irinta. Tsofaffin direbobi har yau galan suke cewa, famfo kuwa lita yake ƙirgawa.

Fuseini:
Kuma galan ɗin ma biyu ne, Yaya Awudu. Na Ingila, wanda muka gada, lita 4.55 ne. Na Amurka lita 3.79. Ga kuma jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, wadda ta ninka su sau da yawa. A 1975 Ghana ta koma kan mita da kilo da lita a dokance, amma baki bai bi doka ba har yau.

Tunda kai mai tuƙi ne ga wanda zai shige ka. A 1983 wani jirgin Air Canada, Boeing 767, ya tashi daga Montreal za shi Edmonton. Ana bukatar mai kilo 22,300. Kanada na cikin sauya ma'auni a lokacin, sai aka yi lissafin da lambar fam a maimakon ta kilo. Lambar ta fito daidai a takarda, amma fam bai kai rabin kilo ba, man da ke tanki bai kai rabin abin da ake bukata ba. Injuna biyu suka mutu a sama. Allah ya sa matuƙin ya iya sarrafa jirgi mara inji, ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, ba wanda ya mutu.

Awudu Direba:
Subhanallah. Ni in mai ya ƙare min a hanyar Ejisu sai in gangara gefe in ɗauki jarka.

Baba Alhassan:
Malam Iddi, saura abu ɗaya da ba a taɓa ba. Uwar yarinya ta ce ƙawar ta rubuta 4.0, ita ta rubuta 4. Wannan sifirin na bayan ɗigo yana da aiki ko ado ne? Ina tambaya ne don a sana'ata ta zinariya na ga abin da ya yi kama da shi.

Malam Iddi:
Yana da aiki Baba. Amma fara ba mu naka.

Baba Alhassan:
In an kawo min zinariya ina so in san kyanta, nakan auna ta a sikeli tukuna. Sai in ɗora kofin ruwa a sikelin in mayar da shi sifiri, in ɗaure zinariyar da zare in nutsar da ita a ruwan, ba ta taɓa gindi ba ba ta taɓa gefe ba. Lambar da ta fito in raba nauyin farko da ita. Zinariya tsantsa tana ba da 19.3. Tagulla ba ta kai 9 ba. In an yi gami lambar sai ta sauko.

Ran nan wani yaro ya kawo zobe. A sikeli 3.60, a ruwa 0.20. Na raba, 18. Ya tafi wani shago aka gwada, a ruwa aka sami 0.21, lissafi ya ba da 17.1 da 'yan kai. Ya dawo yana huci wai ɗayanmu ɓarawo ne. Na zaunar da shi na ce ba ɓarawo, zoben ne ya yi ƙanƙanta ga sikelin. Bai yarda ba, ya ɗauki abinsa ya tafi, har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwarsa a taƙaice take. Abin yana damuna.

Malam Iddi:
Baba, gaskiya ka gaya masa, kuma ga hujjar da lamba. Abin da sikeli ke nunawa in ka nutsar da zoben shi ne nauyin ruwan da zoben ya ture, kuma tunda giram ɗaya na ruwa cm³ ɗaya yake ci, lambar ita ce girman zoben. Sikelinka yana tsayawa ne a lamba biyu bayan ɗigo. In ya ce 0.20, gaskiyar tana iya zama ko'ina daga 0.195 zuwa 0.205. Raba 3.60 da na farko, 18.5. Raba da na biyu, 17.6. Tazarar nan ta kai kusan karat guda a ma'aunin kyan zinariya, kuma ba wanda ya taɓa sikelin. Da sarƙa ce mai giram talatin da wani abu, wannan ɗan rashin tabbas ɗin ba zai yi tasiri haka ba.

To shi ne aikin sifirin. Wanda ya rubuta 4 g yana cewa abin yana tsakanin uku da rabi da huɗu da rabi. Wanda ya rubuta 4.0 g ya ɗaure kansa tsakanin 3.95 da 4.05. Wanda ya rubuta 4.00 g ya ƙara ɗaurewa sau goma. Kowace lamba da ka rubuta alkawari ce cewa ma'auninka ya gani har wurin. Kuskuren da ya fi yawa ma ta ɗaya gefen yake: yaro ya raba 3.60 da 0.21, kalkuleta ta zubo masa 17.142857, ya kwashe duka ya zuba a takarda. Lambobi biyu kacal ka sani a 0.21, ba ka da ikon fitar da takwas daga cikinsu. Amsar 17 ce.

Ƙari ɗaya Baba, ka san shi amma don masu karatu: akwai ƙarfen da ake kira tongsten, nauyinsa kusan ɗaya da zinariya, gwajin ruwa kaɗai ba ya tona shi.

Fuseini:
Malam, a nan ina da ja kaɗan. A gwajin aji na ɗan sakandare, cire maki don 4 da 4.0 ya yi tsanani. Ma'auni na yarda, wannan kuwa sai a yi gargaɗi tukuna.

Malam Iddi:
A zangon farko gargaɗi nake yi. Daga na biyu nake cirewa. Dalili, a jarrabawar aiki da hannu ta WAEC ana son karatun biyuret da lamba biyu bayan ɗigo, kuma ana duba ma'auni a amsa. Gara ta rasa maki ɗaya yau a gaban malamin da ya san sunanta. Amma ban ce ka yi kuskure ba, malamai ma sun saɓa a kan wannan.

Maman Rahina:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na sauko daga maganar zalunci. Amma akwai abin da bai sauka ba a raina. Bayanin da kuka yi min yau da goro da zobe da na'urar Baba, me ya hana a yi wa yarinyar? Jan biro kawai aka zagaya, ko kalma ɗaya ba a rubuta mata ba. Ta ce min tun da suka shiga makarantar sau biyu ta taɓa biyuret da hannunta, su takwas a kan guda ɗaya, mai ƙarfi shi ke riƙewa. Yaron da bai taɓa ganin 25 cm³ a idonsa ba, ta ina zai ji a jikinsa cewa giram ɗari ba za ta shiga ciki ba? Zan je ranar Litinin ɗin, amma wannan zan tambaya.

Malam Iddi:
Wannan tambayar ki yi ta, kuma ki yi ta a taron iyaye ma, ba a ofis kaɗai ba. Ina da aji da ya fi hamsin, na san yadda ake gajiya a kan takardu har a daina rubuta dalili, amma gajiya ba ta wanke mu ba. Kafin nan akwai abin da za a yi a gida ba tare da kashe ko sidi biyar ba. Sirinji mara allura daga kantin magani yana da mililita a jiki, mililita kuwa ita ce cm³. Ta ɗebi 25 ta zuba a kofi ta gani. Ta juye leda biyu ta ruwa a roba, ga dm³ ɗaya a gabanta.

Maman Rahina:
Ga ta nan ta karɓi wayar.

Malam ina wuni, Rahina ce. Na sake yin ta biyun. 25.0 cm³ ÷ 1000 = 0.0250 dm³. 0.100 mol/dm³ × 0.0250 dm³ = 0.00250 mol, dm³ ta kashe dm³. In na ninka da 40 g/mol ya zama 0.100 g. Tambayata, sifirin da ke gaban 25 a 0.00250 su ma ana ƙirga su a cikin lambobin da aka yi alkawari?

Malam Iddi:
Lafiya lau 'yata. Aikin ya yi, har kin ƙara da abin da ba a tambaye ki ba. Sifirin gaba ba a ƙirga su, wuri kawai suke riƙewa. Na ƙarshen shi ake ƙirgawa. Rubuta shi 2.50 × 10⁻³ mol ki gani, na gaban sun ɓace, na bayan ya tsaya. Lambobi uku ke nan, daidai da ukun da ke cikin 25.0 da 0.100.

Ga aikin gida. Ki nemo min lita nawa olonka take ci, kuma kilo nawa olonkar masara, ta shinkafa da ta garin rogo, kowace a shafe sannan da tozo. Ki auna kowace sau uku.

Hajiya Abiba:
Ta zo rumfata ranar Asabar bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa. Olonkata biyu ce, tsohuwa da sabuwa, ta gwada duka ni ma ina so in sani. Mariama, ki ara mana sikelinki, na mai nama na kusa da ni ban yarda da shi ba. Rahina ki taho da leda shida ta ruwa da littafinki, garin rogo kuma sai mun aro a layin baya don ni ba na sayarwa.

Mariama mai sabulu:
Zan kawo, amma kilo biyar yake tsayawa, kuma sai an cire nauyin gwangwanin tukuna. Batirinsa ya yi sanyi, wani ya taho da sabo.